Ambulan na Biyu Ya Maƙale a Bayan Lowari

Buni, 4 Nuwamba 1993

Ƙanena Maula Nigah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Talat da yara. Mu nan alhamdu lillahi. An shigar da masara, an sauke tuffa, saura wata guda mu rufe makaranta hutun sanyi. Gwiwata tana nan yadda ka bar ta, ita ke gaya min za a yi dusar ƙanƙara kafin rediyo ya faɗa.

Ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba. Yayarka Zarnisa, uwargidana, ba ta da lafiya. Tun ƙarshen bazara idanunta suka yi ɗorawa, jikinta na ƙaiƙayi, ta daina cin abinci. Mun ɗauka shawara ce irin ta kowa. Da abin ya ƙi, na kai ta Peshawar. Sun yi hoton ciki, sun sa mata wata siririyar roba ta baki don ruwan matsarmama ya samu hanya. Idon ya washe, yanzu har tana kaɗin ulunta tana yi min faɗa kamar da.

Amma likitan ya ja ni gefe. Ya ce robar ba magani ba ce. Akwai ƙari a kan wani abu da ya kira fankiriyas, kuma ciwon daji ne. Ya ce akwai wani babban aiki da ake yi a Karachi, ya rubuta min sunansa, Whipple. Na tambaye shi ko ana tashi, ya ce za mu gani.

Ita ban gaya mata ba. Na ce tsakuwa ce a matsarmama. Ka san ba a faɗa wa mara lafiya irin wannan, sunan kaɗai ya isa ya kwantar da mutum.

Shekara ashirin kana tsaron ɗakin littattafan makarantar likitoci. Ga takardun da hotunan. Ka nuna wa manyanku, ka gaya min gaskiya: in kawo ta, ko in bar ta ta sha shayinta a gidanta? Ka hanzarta, hanyar dutsen Lowari ba za ta jira mu ba, dusar ƙanƙara na tafe. In ta rufe, ka san sai Afrilu.

Wanka,
Purdum Wali

Karachi, 20 Nuwamba 1993

Babban wana, Lal Purdum,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta same mu lafiya. Talat ta yi kuka, sannan ta yi min faɗa kamar ni na ƙirƙiro ciwon. Karachi tana nan, muna gumi a watan da kuke hura wuta.

Na kai hotunan wa Dokta Sethna. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe min littattafai har su manta hanyar gida, yau ranar ramuwa ta zo. Ya ɗaga hoton a taga ya daɗe yana kallo. Abin da ya ce zan faɗa maka a muhallinsa, domin kai malami ne, ka san ba a fara lissafi daga amsa. Bari in fara daga fari.

Fankiriyas, Lal, ita ce tsokar nan fara-fara mai laushi da muke jefa wa kyanwa ranar yanka, ba mu taɓa damuwa mu raɗa mata suna ba. Allah ya ɓoye ta a bayan tumbi, ya jingina ta da manyan jijiyoyin jini. Kanta kuwa ya haɗa katanga da bakin ƙaramin hanji da bututun matsarmama, irin gidajenmu na gado da ba ka rushe ɗaki ɗaya sai na maƙwabci ya biyo shi. Ruwanta shi ke narkar da naman da muka ci. In ya zube a inda bai kamata ba, bai san bambancin naman rago da naman mai ragon ba. Shi ya sa likitocin can baya suke yi mata kallon gidan rina.

Wanda ya fara taɓa ta da gaske wani Ba'italiye ne, Codivilla, a 1898. Ya cire kan da abin da ke kewaye da shi. Mara lafiyan ya yi kwana goma sha takwas. A 1909 wani Bajamushe a Berlin, Kausch, ya raba aikin gida biyu, ya fara sauke shawarar, ya dawo daga baya ya yi yankan. Nasa ya yi wata tara.

Sai mai sunan. Za ka ji daɗin wannan: Whipple a Urmiya ta ƙasar Farisa aka haife shi, cikin duwatsu, kusan ɗan uwanmu ne in aka yi sassauci. A 1935 a New York ya ba da labarin mutum uku da ya yi wa aikin. Ta farkon ko kwana biyu ba ta yi ba. Masu shawara jininsu ba ya daskarewa, sai su yi ta zuba. Da aka samo sinadarin da ke tsayar da jinin, aka kuma iya ajiye jini a ƙara wa mutum, sai abin ya ɗan yi sauƙi. A 1940 ya buɗe wata mata a gaban baƙin likitoci yana zaton ciwon tumbi ne, ya tarar fankiriyas ce. Ga baƙi sun zuba ido, ba halin ya rufe ya ce a dawo gobe. Ya yi aikin duka a zama ɗaya. Matar ta yi shekara tara. Kunyar baƙi, ka gani, ta yi wa ilimi hidimar da hankali bai yi ba.

Kada ka ɗauka daga nan hanya ta miƙe. Shekara talatin da suka biyo baya, kusan mutum ɗaya cikin huɗu da aka yi wa aikin ba ya fita daga asibiti da ƙafarsa. Ɗinkin fankiriyas da hanji shi ke warwarewa, ruwan ya zube, zazzaɓi ya biyo. Wajen 1970 manyan likitoci suka rubuta ƙarara cewa a daina wannan aiki, ya fi ciwon kisa, a buɗe wa matsarmama hanya kawai a sallami mutum ya koma gida cikin iyalinsa.

Na cika shafi shida, ambulan ba zai ɗauki fiye da haka ba. Sauran yana cikin wata mujalla da wani farfesa ya tafi da ita gida, ni kuwa ba na rubuta lamba sai na gan ta da idona. Ranar Talata zan aiko.

Ka gaida Yaya Zarnisa. Ka ce mata Gara na gaishe ta, tunda sunan da ta ga ya dace da mai kwana cikin littattafai ke nan.

Ƙanenka,
Maula Nigah

Buni, 16 Disamba 1993

Maula Nigah,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya daidai gwargwado. Wannan takarda na ba wani ɗan tireda da zai zagaya ta Kunar, can ƙetaren iyaka, zai jefa ta a Peshawar.

Wasiƙarka ta shigo a motar ƙarshe. Ranar Juma'ar da ta biyo dusar ƙanƙara ta rufe Lowari, gajimare ya zauna a kan kwarin, jirgi bai sauka ba sai sau biyu, marasa lafiya ya kwasa.

Ka daɗe a birni, ka manta yadda wasiƙa take a nan. Ina makaranta mai kawo wasiƙu ya miƙa ta a gida. Kafin in dawo rabin unguwa sun ji Karachi ta yi magana. Bayan la'asar suka cika ɗakin murhu, an zuba shayi. In na sa ta a aljihu na ce ba ta kowa ba ce, ai na gama faɗar komai. Na fara karantawa ina tsallake layi. Sai Subedar Nadir, tsohon sojan nan, ka san shi da kunne, ya ce, "Malam, idonka ya gaji, kana cin kalmomi. Kawo." Ya karɓa. Da muryar fareti ya karanta ta, tun daga kyanwa har ɗaya cikin huɗu. Zarnisa tana bakin murhu da mazarinta. Ba ta ɗago ba, zaren ma bai tsinke ba. Ba ta ce min komai ba har yau, ni ma ban ce ba.

Ba na ganin laifinka. Na gane abin da ka yi. Ba ka iya buɗe baki ka ce min kada ku zo ba, sai ka aiko matattun Turawa su faɗa a madadinka. Ka ce sauran na tafe. Mako uku ke nan. Na san irin wannan sauran, ɗan uwan "za mu gani" ne.

Mun yanke shawara, ni da 'yan uwanta. Ba za mu zo ba. Akwai abin da ban rubuta maka ba tun farko. In ta cika a Karachi cikin hunturu, ta ina zan dawo da ita? Jirgin da ba ya ɗaukar mai rai ne zai ɗauki akwati? Sai a sa ta a ƙasar gishiri cikin baƙi, in riƙa zuwa ziyara da tikiti. A nan wurinta yana nan kusa da mahaifiyarta da 'ya'yanmu biyu. Wannan kaɗai nake da ikon yi mata.

Ka taya mu addu'a.

Purdum Wali

Karachi, 3 Janairu 1994

Lal,

Sallama. Muna lafiya. KU TAHO. Dokta Sethna ya ce ƙarin ƙarami ne, bai kama jijiya ba, ana iya cire shi, kuma kowane mako da ya wuce asara ne. Tun ashirin ga Nuwamba ya faɗa min haka. Na buga maka waya ta gidan waya yau da safe da kalmomin nan, wannan kuma na ba wani soja da zai je ya jira jirginku a Peshawar.

Yanzu ka ba ni dama in tsaya a gabanka a yi min bulala. Ambulan na biyu na jefa shi ranar Talata kamar yadda na ce. Yana can cikin buhu a gindin Lowari yana jiran bazara. Mutum ya tambaye ni ko kogi zai ƙetaru, na fara masa da tarihin waɗanda suka nutse. Talat ta ce da gobara ta kama gidanmu, sai na gama bayanin asalin ashana kafin in ce a kawo ruwa. Ban yi musu ba.

Ga abin da ke cikin wancan ambulan. Ɗaya cikin huɗu lambar zamanin da muke samari ce. A asibitocin da suke yawan yin aikin, yanzu ba a rasa biyar cikin ɗari. Wani asibiti a Jamus ya yi wa mutum ɗari da sha takwas a jere ba wanda ya mutu. A bara wani a Amurka ya kawo ɗari da arba'in da biyar. Wannan ce lambar da na tsaya jira, Allah ya yafe min. Ba sabuwar wuƙa aka ƙera ba. Hoto ne ya yi kyau har ana sanin wanda za a buɗe, ga jini a ajiye, ga ɗakin da ake tsare mutum bayan aiki ba ƙiftawa. Sai kuma hannu. Wanda yake yi sau ɗaya a shekara da wanda yake yi duk wata ba ɗaya ba ne, kamar dai masu gyaran karaya a ƙauye.

Mu nan ba Jamus ba ce. Sethna ya yi talatin da ɗaya, ya rasa biyu. Na tambaye shi a gaban ɗalibansa, ya faɗa ba tare da ya duba takarda ba, har da sunayensu. Kuma aikin ba alkawarin warkewa ba ne, ciwon yakan dawo. Amma in ba a yi ba, robar nan za ta toshe, kuma watanni ake magana.

Zancen kabari ba ni da amsarsa, Lal. Babu shi a mujalla. Abu ɗaya zan ce, kuma ka yafe wa ƙaramin bakin da ya faɗa: kun yanke shawara kai da 'yan uwanta. Ita fa?

Maula Nigah

Garin Chitral, 22 Janairu 1994

Maula Nigah,

Sallama da gaisuwa. Wayarka ta iso, sojan ma ya kawo takardar. Mun sauko gari kwana tara da suka wuce, muna gidan surukin Subedar muna kallon sama. Abin da ke ƙasa ba maganata ba ce. Ta ce in rubuta yadda ta faɗa, in na canza za ta kai wa wani ya karanta mata.

Gara, ina gaishe ka, ina gaida Talat mai haƙuri. Ka ji wai an ɓoye min. Tun a Peshawar na sani. Shekara talatin da ɗaya ina auren wanka bai taɓa sanin inda tukunyar shayi take ba. Muka dawo, sai ga shi da asuba yana kawo min shayi har shimfiɗa, gishirin da muke ɗan sa wa shayinmu ya zuba shi kamar zai jiƙa fata. Tsakuwa ba ta sa namiji haka. Na yi shiru ne don na ga ƙaryar tana riƙe shi, kamar sandar gwiwarsa.

Ranar da Subedar ya karanta wasiƙarka kowa ya ji ɗaya cikin huɗu ya mutu. Ni uku na ji sun tashi. Na haihu shida a ɗakin murhun can, hanya a rufe, ba likita ba lamba. Wa ya tara maza ya yi shawara a lokacin? Da an tambaye ni a ranar, da na ce a ɗaura min kaya. Ba wanda ya tambaya. Ni kuma ban iya cewa ba, don in na ce, na nuna na sani, na karya masa sandar.

(Ban san haka ba, Maula. Wallahi ban sani ba.)

Ta ce in goge wannan. Ban goge ba. Ga ci gaban maganarta.

Zancen inda za a sa ni kuwa, na gaya masa. Uwata ba za ta yi kewata ba, ta sha surutuna shekara arba'in. Ƙasa duk ta mai ita ce. In ya ga ba zai iya zuwa ziyara ba, ya yi addu'ar daga gida, an ce tana isa ba kan sarki.

Yanzu ni ne, Purdum. An sa sunanta a jerin marasa lafiya. Kujera ɗaya ce, ba a ba mai rakiya sai wanda ba ya iya tafiya, ita kuwa ta shiga ofishin da ƙafarta tana gyara wa ma'aikacin rubutu. Na ce zan bi masu haye Lowari a ƙafa, ta ce gawa ɗaya ta ishi gidan nan a shekara. Matar da ba ta taɓa hawa mota ba sai da ni, yau ita ce za ta hau jirgi ita kaɗai. Ka je Peshawar ka tsaya a filin jirgi kullum har ka gan ta. Tana sanye da mayafi ruwan toka. Na ba ka amanarta.

Purdum Wali

Karachi, 4 Fabrairu 1994

Lal,

Sallama. An yi aikin jiya, an cire ƙarin duka, tana numfashi da kanta. Ka ga na koyi darasi. Yanzu sauran.

Kwana huɗu na yi a filin jirgin Peshawar. Ta sauko da ƙullin tuffa a hannu, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Gara, ka yi tumbi. Ashe takarda na sa ƙiba." Na tambaye ta yaya jirgi, ta ce ta ga Lowari daga sama, abin da ya tsare mu shekara da shekaru bai fi ƙullin gurasa ba.

Da muka shiga wurin Sethna na fara yi masa Turanci ƙasa-ƙasa, yadda aka saba, a bar mara lafiya tana kallon bango. Ta taɓa hannuna ta ce, "Cikin wa za a buɗe, naka ko nawa?" Daga nan na koma tafinta kawai.

Ya zana mata a takarda. Nan za a yanke, nan, da nan. Sannan a jawo hanji a haɗa shi da abu uku: fankiriyas, bututun matsarmama, tumbi.

Ta ce, "Ɗinki uku ke nan. Wanne ne ke ba ka wahala?"

Ya nuna na fankiriyas. Ya ce naman ba ya riƙe zare, kamar mutum ya ɗinka man shanu.

Ta ce, "To kada ka ja. Sabon ulu ma haka yake, in ka ja ya yage. Ka sa siririn zare, ka yi kusa-kusa, ka bar shi ya kwanta da kansa."

Na fassara ina jin kunya. Sethna ya cire tabarau ya ce in gaya mata shekara shida ya yi a Ingila kafin a faɗa masa wannan, kuma ba a faɗa da kyau haka ba.

Sai takardar yarda. Ma'aikaciyar ta ce ina mijinta, shi ke sa hannu. Na ce yana bayan dutse. Ta ce to ɗanta, ko wanta. Na zaro alƙalami ina shirin zama wanta na ƙarya. Yayata ta ce mene ne, na gaya mata. Ta ce, "Miƙo tawada." Ta dangwala babban yatsa, ta danna shi har takardar ta lotsa. Ma'aikaciyar ta dubi Sethna, ya ce ai mai kayan ce ta sa hannu, wa ya fi ta?

Awa takwas suka yi. An ƙara mata jini leda uku, ɗaya nawa ne, don haka in ta tashi tana son tarihi ka san inda ta samo.

Kada in ruɗe ka, ba a fita daji ba. Akwai roba a gefen cikinta da ke tsiyayar da ruwa cikin kwalba. Daga kwana na biyar zuwa na goma ake sanin ko ɗinkin ya kama. Zan rubuto da zarar an sani.

Maula Nigah

Garin Chitral, 27 Fabrairu 1994

Maula Nigah,

Sallama. Ina fatan kun ɗauki azumi lafiya. Takardarka ta huɗu ga wata ta zo. Ka ce kwana goma. Yau ashirin da huɗu.

Ban koma Buni ba. Kullum ina zuwa gidan waya, har ma'aikacin ya ajiye min kujera. Shekaranjiya jirgi ya sauka da buhunan da suka taru. Aka miƙo min ambulan da rubutunka. Na kasa buɗewa a tsaye, na fita na zauna a kan dakali. Na ga kwanan wata: 23 Nuwamba. Shafi biyar, duk albishir. Na karanta shi har ƙarshe, ban san me ya sa ba.

Na san ka yanzu. In labari ya yi daɗi kana jinkiri, in ya ɓaci ban san me kake yi ba. In ta rasu, layi ɗaya ya isa. Ka faɗa min ranar, da sunan maƙabartar, da wanda ya yi mata salla. Kada ka tausaya min. Tausayi ne ya kawo mu nan, nawa da naka.

Purdum Wali

Karachi, 8 Maris 1994

Lal,

Sallama. Tana raye. Tana gidana, a ɗakin yara, yanzu haka tana koya wa Talat yadda ake dafa shayin mutane.

Shirun nawa ne, kuma ba na kare shi. Ran kwana na shida ruwan kwalbar ya canza launi, zazzaɓi ya rufe ta. Ɗinkin ya ɗan yi yoyo. Sethna ya ce ba zai sake buɗewa ba, a hana ta abinci, a bar robar ta yi aikinta, a jira. Kwana goma sha tara muna jira. Kullum na zauna zan rubuta maka, sai in rasa abin da zan sa a layin farko, domin na safe daban, na yamma daban. Na je gidan waya sau biyu na dawo da takardar a aljihu. Na ji tsoron in ce maka tana raye, kafin wayar ta iso ta zama ƙarya. Sai ruwan ya fara raguwa, cokali goma, cokali huɗu, babu. Ranar da aka zare robar na buga maka waya, ina fatan ta riga wannan isowa.

Ta rame, za ka gani. Abinci kaɗan-kaɗan sau shida a rana, da ƙwaya kafin kowane ci, har abada. An hana ta azumin bana, ta yi gardama da likita da limamin unguwarmu, duka biyun sun yi nasara da ƙyar.

Saura magana ɗaya. Na so in bar ta sai ka zo, ta ce a'a, an gama wannan zamanin a gidanku. Ga ta, yadda ta faɗa.

Malam, ina gaishe ka. Yaya gwiwa? An ce ka tare a gidan waya kamar kan sarki. Ka koma gida, tumaki ba su san Whipple ba.

Sun duba abin da suka cire. Akwai 'yan ƙwayoyi irin na kaluluwa a gefensa, sun cire goma sha ɗaya, ciwon ya taɓa ɗaya. Na sa likita ya faɗa min a fuskata. Ya ce yana iya dawowa. Na ce yaushe. Ya yi ta juya alƙalami. Na ce kai da ka shiga cikina har gwiwar hannu, yanzu ne za ka ji kunyata? Ya ce shekara biyu, wataƙila biyar, akwai waɗanda suka wuce haka, ba ya iya rantsuwa.

Kada ka tara min mutane a kai, kada kuma ka fara kawo min shayi. In Lowari ta buɗe ka zo da kanka ka ɗauke ni, a mota, ina son in ga hanyar a ƙasa.

Na tambayi likitan shi shekara nawa aka ba shi. Ya yi dariya ya ce shi ba wanda ya gaya masa. Na ce to ka ga na fi ka, ni an ba ni biyu a hannu. Allah ya sa mu ga Salla lafiya.

Iyakar abin da ta ce ke nan, Lal. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Ƙanenka,
Maula Nigah